Yadda nake motsa jiki don rage ciwon ɓarin kai

Idan ciwon ɓarin kai ya riga ya taso, kada ka motsa jiki. Ko hawa bene ma ƙara shi yake yi, gara ka nemi ɗaki mai duhu ka kwanta. A ranakun da kake lafiya ake wannan aiki.

Ni bayan sallar Asuba nake fita, kafin rana ta buɗe. Sai na sha ruwa na ci dabino ko 'yar ayaba, domin yunwa da ƙishirwa suna tayar da ciwon. Minti 10 na farko tafiya nake a hankali, sannan in ƙara sauri har numfashi ya ɗaga, amma ina iya magana. Kada ka faɗa ƙwallo ko gudu kai tsaye, jiki bai ɗumama ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2011 ya nuna tuƙa keke na minti 40 sau uku a mako ya rage ciwon kusan daidai da topiramate, maganin da likitoci ke bayarwa don hana ciwon tasowa. Fara da minti 15, ka riƙa ƙarawa.

Sai wuya, wanda matasa muke wahalarwa da sunkuyawa kan waya. Likitar fisiyo, mai magani ta hanyar motsa jiki, ta koya mini: zauna a miƙe, ja haɓa baya ba tare da ka sunkuyar da kai ba, riƙe daƙiƙa 5, maimaita sau 10. Za ka ji ƙeya tana miƙewa.

Ka riƙa rubuta ranakun da ciwon ya zo, ka ba abin wata uku. Ciwon da ya sauko farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da mutuwar ɓarin jiki, asibiti za a nufa nan take.