Yadda za ka kalli bidiyon jirgi mara matuƙi kafin ka tura wa wani

Duk sanda sojoji suka saki bidiyon da jirgi mara matuƙi ya ɗauko sai ka ga ana ta yawo da shi a WhatsApp wai an gama da 'yan bindiga, alhali in ka duba da kyau wasu fararen ɗigo-ɗigo ne kawai ke motsi. To kafin ka danna tura, tsaya tukuna.

Fara da gane wace kyamara ce ta ɗauka. Wannan ƙwallon da ke ƙarƙashin jirgin, ko Bayraktar TB2 na Turkiyya ko MQ-9 Reaper na Amurka, akwai kyamarar rana mai launi a ciki, akwai kuma mai ganin zafi. In hoton baƙi da fari ne mutane na ta sheƙi, to mai ganin zafin ce, ɗumin jiki take gani, ba ta ganin fuska ba ta ganin kalar riga, kuma daga can sama makiyayi da ya saɓa sanda a kafaɗa da wanda ya saɓa bindiga wallahi da ƙyar ka bambance su. Ka lura da lokaci ma, wajen fitowar rana da faɗuwarta zafin ƙasa da na abubuwan da ke kanta kan zo kusan ɗaya sai hoton ya dushe.

Sai ɗan akwatin nan da kwamfuta ke zanawa ta zagaye mutum ko babur. Kar ya ruɗe ka. Irin aikin da Amurka ta fara da shirin sojanta mai suna Maven ke nan a 2017, wanda Google ta janye daga ciki bayan ma'aikatanta sun yi bore a 2018. An koya wa kwamfutar da tarin hotuna ne ta ce wannan mota ce wancan mutum ne, amma ko biki za shi ko ta'asa, wannan kam ba ta sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka yanke daga bidiyon. Tambayi kanka me ya faru kafin harbin, sannan wa ya tabbatar daga ƙasa? A Kabul ranar 29 ga Agusta 2021 Amurkawa sun bi wata mota da jirgi mara matuƙi kusan awa 8, suka ɗauka bama-bamai ake lodawa ashe jarkokin ruwa ne, suka harbe ta, mutum 10 suka rasu, 7 yara. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, Tudun Biri a Kaduna, 3 ga Disamba 2023, masu Maulidi ne jirgin sojan ƙasa ya ɗauka 'yan bindiga, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne 85. Allah Ya jiƙan su.

Saboda haka nemi sunan ƙauyen da ranar da abin ya faru, in babu ko ɗaya ajiye bidiyon. In akwai, jira ka ji me mutanen garin da asibitin kusa suka ce tukuna.