Yadda Mai Masana'anta a Abuja Zai Samo Yadin Waif Marar Roba

Da yawa daga cikin waif ɗin da ake sayarwa a kasuwar Wuse da shagunan magani na Garki, wato ƙyallen nan mai danshi da ake goge wa jarirai jiki da shi, roba ce aka mayar zare, ko da yake a hannu yana kama da takarda ko auduga. Yadin da ake yin sa da shi ba saƙa shi ake yi ba. Ana baza zaruruwa ne a kan bel mai tafiya, a feshe su da ruwa mai tsananin ƙarfi har su sarƙe da juna, kuma wannan hanya ita ce masu harkar ke kira sifanles. Zaren da ya fi arha a wannan aiki shi ne foliyesta, wanda asalinsa ɗaya da robar gorar ruwa, sai folifurofilin, wanda shi ma roba ne, kuma akan cakuɗa su da ɗan biskos, wani zare da ake yi daga narkakken itace, domin yadin ya riƙa shan ruwa. Duk wanda yake da injin yanka waif da naɗe shi a unguwar masana'antu ta Idu, ko yake shirin sayen sa, ya dace ya fara neman yadin da babu roba a cikinsa tun yanzu, domin sauya yadi aikin watanni ne, kuma dokoki ba sa jiran wanda bai shirya ba.

Tarayyar Turai ce ta fara matsawa da dokarta mai lamba 2019/904. Tun daga 3 ga Yulin 2021, duk waif ɗin da ke da roba dole ne ya ɗauki tambarin nan mai hoton kunkurun ruwa a jikin ledarsa, wanda ke sanar da mai saye cewa akwai roba a ciki. Birtaniya ta wuce nan, domin a Afrilun 2024 gwamnatinta ta sanar cewa za ta haramta sayar da irin wannan waif, kuma yankin Wales ya sa haramcin ya fara aiki a Disambar 2026, Ingila kuma a 2027. Manyan shaguna irin su Tesco da Boots ma ba su jira doka ba, tun 2022 suka fara janye shi daga kantunansu. Abin da ya fusata hukumomin can shi ne toshewar bututun ƙazanta, kamar dunƙulen kitse da waif mai nauyin tan 130 da aka tono a unguwar Whitechapel ta Landan a 2017.

A Najeriya ma iskar ta fara kaɗawa. Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, ta kuma fara tilasta haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a jefar daga 1 ga Yulin 2025, sannan gwamnatin tarayya ta hana irin waɗannan robobi a ma'aikatu da hukumominta a Yunin 2024. Waif ba ya cikin abin da Legas ta lissafa, amma Abuja na cikin 'yan garuruwan ƙasar nan da ke da babban bututun ƙazanta, wanda ke kai wa matatar Wupa da ke kusa da Idu, kuma zaren foliyesta ba ya ruɓewa a bututu ko a sokawe.

Matakin farko shi ne sanin abin da doka ke nufi da roba, domin a nan ne dillalai suka fi samun ƙofar ruɗa mai saye. A fassarar da Tarayyar Turai ta fitar a 2021, auduga da ƙullun itace da biskos da layosel (shi ma zare ne daga narkakken itace) ba roba ba ne, saboda dukkansu selulos ne, wato sinadarin da jikin tsiro ya ƙunsa. Amma zaren da ake kira PLA, wanda ake yi daga sitacin masara ko rake, roba ne a idon wannan doka, duk da cewa daga gona ya fito kuma ana tallata shi da cewa yana ruɓewa. Saboda haka kalmomin "daga tsirrai aka yi" ko "mai ruɓewa" a takardar dillali ba su isa hujja ba. Abin da za ka nema shi ne sunan kowane zare da kasonsa cikin ɗari, a rubuce, da sa hannun masana'antar da ta yi yadin.

Daga nan sai zaɓen zare. Biskos shi ne mafi yawa a kasuwa kuma mafi sauƙin kuɗi a cikin marasa roba, yana da laushi, yana shan ruwa sosai, sai dai idan ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma waif a jiƙe yake rayuwarsa duka. Layosel ya fi shi ƙarfi a cikin ruwa nesa ba kusa ba, kuma masana'antun da ke yin sa suna dawo da fiye da kashi 99 cikin ɗari na sinadarin da suke narkar da itacen da shi, alhali biskos ana yin sa ne da sinadarin kabon daisalfaid mai cutar da ma'aikata idan masana'anta ta yi sakaci. Shi ya sa da yawa suke haɗa biyun, su samu laushin wannan da ƙarfin wancan. Ƙullun itace da aka haɗa da layosel ko biskos ya fi arha, kuma shi ake amfani da shi a waif ɗin bayan gida da ake so ya wargaje cikin ruwa, amma bai kai sauran laushi ba. Auduga tana da kyau ga fatar jariri, tana kuma ƙara ƙarfi idan ta jiƙe, sai dai tsada. Abin takaici ne a ce ana noman auduga a Funtuwa da Gusau amma mai waif a Abuja sai ya aika waje neman yadinta, domin sai an wanke ta, an cire mata maiƙo, an faranta ta, kafin ta shiga injin sifanles, kuma wannan jari ne mai nauyi.

Zaren gora kuwa, wanda ake yawan rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin leda, kusan kullum biskos ne da aka narkar daga gora. Ba roba ba ne, amma bai fi sauran biskos da komai ba, kuma a 2022 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa an ci tarar Walmart dala miliyan 3 da Kohl's dala miliyan 2.5 saboda tallata biskos da sunan gora. Kada ka biya ƙarin kuɗi a kan suna.

Akwai tarko na biyu da mutane kan manta da shi, wato abin da ya riƙe zaruruwan. A sifanles ruwa ne kawai ya sarƙe su, amma akwai yadin da ake baza ƙullun itace da iska sannan a fesa masa gam na roba, ko a zuba masa wani zare mai narkewa da zafi domin ya manne. Irin wannan yadi zai iya zama ƙullun itace kusan gaba ɗaya, amma ɗan gam ɗin ya mayar da shi mai roba a wurin doka. Ka tambayi masana'anta kai tsaye ko akwai gam ko zare mai narkewa, kuma amsar ta shiga cikin yarjejeniya.

Game da wurin saye, a bambanta masu yin zare da masu yin yadi. Lenzing ta Ostiriya, mai zaren Veocel, da Birla Cellulose ta Indiya zare suke yi, ba su ne za su sayar maka da bandir ba. Masu yadi su ne irin su Suominen ta Finlan da Sandler ta Jamus da Welspun ta Indiya da Mogul da ke Gaziantep a Turkiyya, ga kuma ɗimbin masana'antu a lardin Zhejiang na Sin. Ga ƙaramin mai sana'a, a ganina Turkiyya da Indiya da Sin ne suka fi dacewa, saboda farashi da kuma yiwuwar sayen abin da bai fi kwantena ɗaya ba. Sai dai a tabbatar da wa ake magana, domin da yawa daga masu talla a intanet 'yan tsakiya ne da ba su da inji ko ɗaya. Hanya mai sauƙi ta gane su ita ce a tambayi wane kamfani ne ya yi zaren, a kuma nemi lambar shaidar FSC ko PEFC, wadda ke nuna cewa itacen daga dajin da ake kula da shi ya fito. Lambar FSC ana iya duba ta a shafin ƙungiyar kyauta, a ga ko sunan da ke kanta shi ne sunan wanda za ka aika wa kuɗi. Shaidar OEKO-TEX Standard 100 kuma tana magana ne a kan rashin sinadarai masu cutar da fata, ba ta ce babu roba ba, domin foliyesta ma yana samun ta.

Takardar oda ta ƙunshi nauyin yadi, wanda ake aunawa da giram a kowane murabba'in mita. Waif ɗin jarirai yakan tsaya tsakanin giram 40 da 50. A rubuta faɗin bandir daidai da injinka, da faɗin bututun kwalin da ke tsakiya, wanda galibi inci 3 ne, da ƙarfin yadin a jiƙe ta tsawo da ta faɗi. Ƙarfin faɗi ne ya fi muhimmanci, domin shi ne ke sa waif ya yage ko ya miƙe lokacin da ake zaro shi daga leda. Nauyin nan kuma shi ne lissafin ribarka: ƙyalle mai santimita 15 da 20 a giram 45 yana da nauyin giram 1.35, wato tan ɗaya zai ba da fakiti kusan 9,250 masu ƙyalle 80, kafin a cire asarar yanka. Idan yadin ya tashi zuwa giram 50, fakitin zai sauko zuwa kusan 8,330. Don haka a kwatanta farashi da adadin fakiti, kada a tsaya ga kuɗin kilo kawai.

Idan samfur ya iso, gwajin farko bai wuce ashana da faranti ba. A busar da ƙyalle, a kama shi da hantsaki, a kusantar da shi ga wuta a wuri mai iska. Selulos yana kamawa nan take, yana warin takarda mai ƙonewa, ya bar toka mai laushi da ke murmushewa tsakanin yatsu. Foliyesta kuwa yana takurewa tun kafin wuta ta taɓa shi, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ɗan dunƙule mai tauri kamar ƙwayar barkonon masoro. Idan ka murza toka ka ji tsakuwa a ciki, an cakuɗa. Amma wannan gwaji ba zai kama ɗan gam ko roba kaɗan ba, saboda haka a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje a nemi a tantance zaren bisa ƙa'idar ISO 1833, kuma a maimaita a kan bandir ɗin da ya fito daga kwantena, domin ba kullum ne kayan da aka loda ke zama irin samfurin da aka aiko ba.

Gwajin da ya fi cin lokaci shi ne na haɗuwar yadi da ruwan da ake jiƙa shi da shi. Foliyesta ba abincin ƙwayoyin cuta ba ne, amma selulos abincinsu ne, don haka sinadarin hana lalacewa da ya wadatar a tsohon yadi zai iya gazawa a sabo, fumfuna ta fito a cikin leda tun kaya na kan kanta. Bugu da ƙari, wasu sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, irin su benzalkoniyum kulorayid da ake sa wa waif ɗin goge tebur da kayan asibiti, suna manne wa selulos, ƙarfinsu ya ragu kafin su taɓa abin da ake gogewa. Biskos kuma ya fi foliyesta riƙe ruwa, saboda haka adadin ruwan da inji ke zubawa sai an sake auna shi, in ba haka ba ƙyallen zai fito kamar busasshe. A ajiye fakiti a zafin digiri 40 na tsawon wata 3 ana duba launi da wari da ƙwayoyin cuta, wanda bai yi nisa da zafin da kaya ke sha a cikin mota a watan Maris ba. Sai an gama wannan za a je wa NAFDAC da maganar rajista ko sauyin abin da aka yi rajista da shi.

Wajen shigo da kaya, yadi marar saƙa yana ƙarƙashin lambar kwastam 5603, kuma za a buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, ta banki, a jira PAAR, wato rahoton da kwastam ke bayarwa na tantance kaya, a kuma tambayi ejan mai fitar da kaya tun da wuri abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke buƙata ga kayan masana'anta. Bandir yana cika kwantena tun nauyi bai kai ba, don haka kuɗin jirgi da na mota daga Legas yana da yawa a kan kowane kilo. A sito kuwa, a ɗora bandir a kan katako nesa da bango, a bar shi cikin ledarsa har ranar aiki, domin biskos yana zuƙar danshin iska fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, kuma daminar Abuja tana da tsawo.

Abin da za a rubuta a jikin fakiti shi ma yana buƙatar taka tsantsan. Yadi ne marar roba, amma ledar da murfinta roba ne, don haka a rubuta "yadin ba shi da roba" kawai. Rashin roba kuma bai sa waif ya dace da jefawa a masai ba, domin sifanles na layosel yana da ƙarfin da zai toshe bututu kafin ya ruɓe. Wanda yake son ya ce ana iya kora nasa da ruwa sai ya sayi yadin da aka ƙera don wargajewa, wanda ya ci gwajin GD4 na ƙungiyoyin masu yin irin wannan yadi, INDA da EDANA, ya kuma karɓi takardar sakamakon daga masana'anta. Sauran duka a sa musu alamar hana jefawa a masai a gaban fakiti, kusa da murfi, da rubutun Hausa da na Turanci.