Homon da ƙari a jikin dabbobi: inda aka fi yin kuskure

Mutane da yawa sun ɗauka homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa cikin jini su sarrafa ayyukansa, ne ke haifar da ƙari kai tsaye. Asalin ƙari ƙwayar halitta ce da ta lalace, homon kuwa taki yake zuba mata. Duk lokacin da karya ta shiga neman namiji, homon na mata, wato istirojin da furojestaron, suna sa ƙwayoyin nononta su yi ta ƙaruwa, idan akwai lalatacciya a ciki ita ma sai ta samu abin da take so. Tun a 1932 wani likita mai suna Antoine Lacassagne ya nuna haka a Faransa, ya yi ta ɗirka wa mazan ɓeraye istirojin har kansar nono ta fito musu. Shi ya sa yawancin kurakuran nan magana ce ta lokaci.

Ka ji ana cewa a bar karya ta haihu ko sau ɗaya ne kafin a cire mata gidan ƙwai, wai hakan kariya ce. Haihuwa ba ta kare ta daga ƙarin nono. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya a 1969 ya gano cewa wadda aka yi wa aikin kafin neman namijinta na farko, haɗarinta kashi 0.5 ne cikin ɗari na wadda ba a taɓa ba. Bayan na farko ya koma kashi 8, bayan na biyu kashi 26. Masana sun sake duba hujjojin a 2012 suka ce ba su kai ƙarfin da ake ba su ba, amma har yau likitocin dabbobi na ganin amfanin ya fi yawa idan an yi da wuri. A kyanwa abin ya fi tsanani: fiye da kashi 80 na ƙarin nononta cutar kansa ce, a karya kuwa kusan rabi.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne allurar hana neman namiji. Mai dabba yana gudun tiyata, sai ya koma wa allura ko ƙwaya irin medroxyprogesterone da megestrol, yana ganin ya huta. Alhali furojestaron ne na roba yake ta loda mata wata da watanni. A karya yana sa nonon kansa ya riƙa fitar da homon na girma, ƙulle-ƙulle su biyo baya, wani lokaci har da ciwon suga ko mugunya a mahaifa. A kyanwa nonon na iya kumbura suntum cikin 'yan makonni. Idan ba a son ta haihu gaba ɗaya, tiyata ta fi. Idan jinkiri kawai ake so, likita ne zai yanke, kuma na ɗan lokaci.

Sai jira. Mutum ya shafa cikin karyarsa ya ji wani abu kamar tsakuwa a ƙarƙashin fata, ya ce bari ya ga ko zai baje. Karya na da nono biyar a kowane gefe, na baya-bayan nan kusa da cinya su ƙari ya fi kamawa, don haka a riƙa bin layukan biyu da yatsu duk wata. Ƙarin da aka cire bai kai santimita 3 ba ya fi saurin zama tarihi. Cire gidan ƙwai a wannan matakin ba ya narkar da ƙarin da ya riga ya fito, sai an yanke shi an kai ɗakin gwaji. Kada kuma a ba ta tamoxifen, maganin kansar nono, don an ji yana yi wa mata aiki, a jikin karya yakan jawo mugunya a mahaifa.

Maza ma ba su tsira ba. Karen da ɗan marainansa ɗaya ya maƙale a ciki, wasu sukan cire na wajen su bar na cikin, alhali shi ne mai haɗarin. Ƙarin da ke fitowa a nan yakan fitar da istirojin: gashi ya zube daidai wa daida a gefe biyu, nonuwa su girma, wasu karnukan su riƙa binsa kamar mace, ɓargo ma ya daina yin jini. A cire duka biyun.

Amma kar a mai da fiɗiya maganin komai. Tana magance ƙarin gefen dubura mai rayuwa da testostaron, homon na maza, tana sacce kumburin furostet, wato ƙullin da ke kusa da mafitsarar namiji, sai dai ba ta hana kansar furostet. A manyan karnuka irin Rottweiler ma an danganta yin ta da wuri da ƙaruwar kansar ƙashi, saboda haka lokacin da ya dace da ƙaramin kare ba lallai ya dace da ƙato ba.

Goɗiyar da ta tashi rana tsaka tana haniniya tana hawan 'yan uwanta kamar ingarma, kafin a ce mugun hali ne a sa likita ya duba gidan ƙwanta. Sau da yawa ƙari ne ke fitar da testostaron, kuma da an cire ɓangaren da ya kamu takan dawo yadda take.