Yadda Nake Fito da Siffar Hanyar Numfashi Daga Hoton CT

Ni mai ɗaukar hoto ne a sashen CT, wato na'urar asibiti da ke ɗaukar hoton cikin jiki da hasken X-ray. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro kan turo mini masu minshari mai tsanani, waɗanda numfashi ke ɗauke musu cikin barci, don a ga inda hanyar iska ta tsuke tun daga bayan hanci har maƙoshi. Na'ura yanka-yanka take ba mu, ɗaruruwa. Abin da zan nuna maka, kai da ka shigo aikin nan kwanan nan, shi ne yadda ake haɗa su su zama siffa guda da likita zai juya ta duk yadda ya so.

Tun a kan gadon na'ura ake gyara aikin ko a ɓata shi. Maƙogwaro nama ne mai motsi: ɗaga haɓa yana buɗe shi, sunkuyar da kai yana matse shi, haɗiyar miyau tana rufe shi na ɗan lokaci. Na taɓa kai wa likita siffar wani dattijo da ta nuna hanyar ta toshe ruf a bayan harshe, ashe miyau ya haɗiye daidai lokacin da na'ura ke wucewa ta wurin. Hasken na'ura ya shiga jikin bawan Allah a banza. Daga ranar ban sake gaggawa a nan ba. Ina kwantar da mutum rigingine, kansa a miƙe, haƙora a haɗe ba tare da cije su ba, harshe a inda ya saba zama. Sai in ce, "Baba, ka riƙa numfashi a hankali ta hanci, kada ka haɗiyi miyau sai na ce an gama." Muna gwadawa sau biyu kafin in danna komai.

A cire ɗan kunne, sarƙa da haƙoran roba. Haƙorin Makka kuwa ba ya ciruwa, kuma ƙarfensa yana watsa layuka masu haske a yankan da suka bi ta baki. Ka san da shi tun farko, don za ka gyara wurin da hannu. Kaurin kowane yanki kada ya wuce milimita 1, in ba haka ba siffar za ta fito kamar matakalar bene. Allurar ruwan haska jijiya ba dole ba ce, domin iska da nama sun bambanta da kansu.

Ka kwashi hotunan a tsarin DICOM, wato tsarin fayil da na'urorin asibiti ke ajiye hotuna a kai, ka goge sunan majiyyaci, ka buɗe su a 3D Slicer. Kyauta ake sauke manhajar. ITK-SNAP ma tana yin aikin. Sirrin yana cikin ma'aunin Hounsfield, sunan injiniyan Ingila da aka fara ɗaukar majiyyaci da na'urarsa a Landan a 1971. A ma'aunin, ruwa 0 ne, iska -1000, kitse wajen -100, ƙashi kuwa ɗaruruwa zuwa sama da 1000. To a Segment Editor, sashen 3D Slicer da ake ware sassan hoto, ka zaɓi Threshold, mai zaɓo wurare bisa lambobin ma'aunin, ka sa iyaka daga -1024 zuwa wajen -500. Duk inda iska take zai ɗauki launi.

Nan ne sabon shiga ke rikicewa, domin iskar ɗakin da ke kewaye da kan majiyyaci ita ma ta ɗauki launi, haka kogunan da ke cikin ƙasusuwan fuska. Ka koma yankan da ya raba fuska gida biyu, ka ja iyakar sama a daidai ƙashin ganɗa, ta ƙasa a gindin murfin maƙogwaro, ko ka sauka har igiyoyin murya idan likita ya nema. Yanke sauran da Scissors, sannan da Islands, mai ware guntayen da ba su haɗe da juna ba, ka riƙe yankin maƙogwaro kaɗai. Bi yankan ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan belu inda hanyar kan sirance. Smoothing kaɗan ya isa. Idan ka cika shafe siffar, matsewar da ake nema ita ce za ta fara ɓacewa.

Segment Statistics zai ba ka yawan sararin gaba ɗaya, amma ni na fi damuwa da faɗin wuri mafi ƙunci, a murabba'in milimita, don a nan iska ke sarƙewa. Idan hoton daga na'urar CBCT ta likitocin haƙori ya zo, kada ka dogara da lambobin Hounsfield, da ido za ka daidaita iyakar. Kuma galibi a zaune ko a tsaye ake ɗaukarsa, maƙogwaro kuwa ya fi buɗewa a haka.

A rahoto ina rubuta cewa a farke aka ɗauki mutumin, saboda naman maƙogwaro ya fi saki cikin barci, kuma hoton nan ba ya maye gurbin gwajin barci. Ina ƙara yadda ya kwanta, lambobin da na sa, da inda na ja iyaka, don idan ya dawo bayan tiyata a maimaita daidai. Likitan da ke son riƙe siffar a hannunsa, sai in fitar masa da ita a tsarin STL ya kai wa masu na'urar buga 3D.