Kafin a raba keken guragu, a gyara littafi

Duk ƙungiyar da za ta raba wa masu buƙata ta musamman kayan taimako irin su keken guragu, na'urar ji da ƙafar roba, shawarata ita ce ta fara da littafin rajista tun kafin kuɗi su shigo hannu. Ku je wurin Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na garinku, su ne suka san mutanensu gida-gida. Amma ku tura mace ta zaga cikin gidaje, domin matan aure da yaran da ba a fita da su ba kasafai suke shiga lissafin fada ba.

Rubuta suna da lambar waya kaɗai bai isa ba. A nan nake so ku ɓata lokaci. Ku rubuta irin lalurar, shekarun mutum, sana'arsa, da irin hanyar ƙofar gidansa. Mai tafiya kasuwa kullum a kan yashi, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ne nasa. Keken turawa irin na asibiti sai ya kafe a lungu. A sa tef a auna faɗin ƙugu da tsawon cinya. Keken da ya matse mutum, ko wanda ba shi da matashi mai kyau, gyambo yake jawowa a mazaunai, kuma ga wanda ya samu rauni a laka wannan gyambon yana iya kisa. Yaro kuwa girma yake yi, ku sa ranar sake awo a gefen sunansa.

Na'urar ji da ƙafar roba ba a raba su a filin taro. Ku rubuta takarda ku tura mutum wurin gwaji, kamar Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Sai ƙa'idar rabo. Shafi ɗaya ya wadatar: wa za a fara ba, wa zai sa hannu, wa ke biyan kuɗin gyara. A karanta ta a gaban kowa, a liƙa a bango, don ranar da wani babba zai aiko da sunan ɗan uwansa ku sami abin nunawa. Wajen neman tallafi ku ambaci dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta kafa hukumarsu ta ƙasa. Jerin kayan taimako 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 zai taimaka wajen tsara buƙata.

Littafin nan sirrin mutane ne. Kada hotonsa ya yi yawo a WhatsApp.

Bayan wata uku ku koma ku duba: taya ta yi faci? Batirin na'urar ji ya ƙare, kuma ana samunsa a garin? Ku yi yarjejeniya da mai walda ɗaya da mai gyaran keke ɗaya, ku rubuta lambobinsu a bayan katin kowane mai karɓa.