Yadda Mai Ciki Za Ta Kwanta Idan Haƙarƙari Na Damunta

Ciki in ya tsufa, mahaifa kan tura haƙarƙari sama, ciwon kuma ya fi tashi da dare.

1. Ki ci abincin dare da wuri, awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, don ƙwannafi na ƙara zafin ƙirji. Ki sassauta rigar mama da ɗaurin zani.

2. Ki kwanta ta gefe. Daga mako 28 a daina fara barci a rigingine, saboda nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Hagu aka fi yabawa, amma in can ne ciwon yake, dama ma ba laifi. In kin farka kin ga kin juya rigingine, kada ki tsorata, ki koma gefe kawai.

3. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ƙarami a ƙasan ciki, wani a bayanki ya tare ki. In filo ya yi kaɗan, naɗaɗɗen zani ya isa. Ki ɗan ɗaga kafaɗu da kai, numfashi zai fi sauƙi.

4. Wajen tashi, ki sauko da ƙafafu tukuna, sannan ki dogara da hannu.

Kada ki sha ibuprofen ko diclofenac sai likita ya ce. Ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama tare da ciwon kai, gani dishi-dishi ko kumburin fuska na iya zama hawan jinin masu ciki. Wannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.