Darasi na 7: Ciyar da Akun Eklektus

Eklektus wani irin aku ne da asalinsa dazuzzukan Niyu Gini ne, da tsibiran Solomon, da tsibiran Maluku na ƙasar Indunusiya, da arewacin Ostareliya. Namijin kore ne shar, bakinsa na sama ruwan lemo. Macen kuwa ja ce wur, bakinta baƙi. Bambancin nan ya sa masana suka daɗe suna zaton tsuntsaye iri biyu ne. Idan ya samu kulawa, yakan yi shekara 30 ko fiye.

A dajinsu, can saman bishiyoyi yake kiwo. Yana cin 'ya'yan itatuwa irin su ɓaure, da furanni, da tohon ganye. Ƙwaya kaɗan yake taɓawa. Saboda haka wanda ya cika masa kwano da gero da gyaɗa kamar tantabara, ya cuce shi. Zai ci, har ya yi ƙiba, amma ƙwaya ba ta da isasshen bitamin A. Sannu a hankali gashinsa ya dushe, hancinsa ya riƙa toshewa, ciwo kaɗan ya kwantar da shi.

Mafi yawan abincinsa ya zama ɗanyen kayan lambu da kayan marmari. Ku nemi masu launin ja da ruwan ɗorawa, domin su ne ke ba jiki bitamin A: gwanda, mangwaro, karas, kabewa, tattasai. Ku haɗa da gwaiba da rumman da ganye kore. Kada ku ji tsoron barkono, tsuntsu ba ya jin yajinsa. A wanke komai, a yayyanka ƙanana, a cakuɗa, don kada ya tsince abin da ya fi so ya watsar da sauran. Da yamma a ba shi ɗan dafaffen dankali, ko shinkafa, ko masara, ko wake. Waken ya dahu luguf, ɗanye yana cutarwa. Ba gishiri, ba mai, ba magi.

Gyaɗa fa? Ɗaya ko biyu a matsayin tukwici. Wadda ta yi fumfuna kuwa a zubar, tana lalata hanta.

Akwai abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan: fiya, cakulan, kofi, shayi, albasa, da ƙwallon cikin tuffa. Goro ma haka, domin sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Ku gaya wa yara da baƙi, su ne suka fi miƙa masa abin da ke hannunsu.

Masu kiwonsa sun lura cewa abincin kanti mai rini, da yawan ƙarin bitamin, kan sa wasu su riƙa motsa yatsu ko karkaɗa fiffike ba da son ransu ba. In kun ga haka, ku je wurin likitan dabbobi.

A lokacin zafi, kayan marmari kan lalace cikin 'yan awoyi. A kwashe ragowar, a wanke kwano, a sauya ruwa kullum.

Tambayoyi:
1. Me ya sa gero kaɗai ba ya isar eklektus?
2. Rubuta abubuwa uku da ba a ba shi.
3. Yaya ake dafa masa wake?